Ƙullin da ke riƙe kaya, kuma ya kwance ba sai an kawo wuƙa ba

Tambaya: Na fara 'yar jigilar kaya da ƙaramar mota tsakanin Dawanau da Singa, kuma ina turke raguna biyu a gida. Ƙulli ɗaya na iya, wanda kowa ya iya, sai in yi ta jibga shi har ya yi tauri. Duk da haka buhu ya taɓa zame mini a hanya, igiya kuma kullum sai na yanke ta kafin in sauke kaya. Na duba bidiyo a waya, sunayen suka rikita ni. Ta ina zan fara koyo?

Amsa: Ƙanena, abin da kake yi yana da suna tun kaka da kakanni: ɗaurin kawo wuƙa. Kada ka ji kunya, kusan duk wanda ka gani a bakin lodi da shi ya fara, har da ni. Mahaifina matufki ne, a gabansa na tashi ina miƙa masa rama, daga baya na yi shekaru ina ɗaure kaya a manyan motoci a Dawanau. Abin da aikin ya koya mini shi ne, tauri daban, riƙo daban. Ƙulli mai kyau sharaɗi uku gare shi: ya ɗauru da sauri, ya riƙe muddin nauyi na kansa, sannan ya kwance da yatsu in an gama. Naka ya faɗi a na biyu da na uku. Jibga ƙulli a kan ƙulli ba ya ƙara wa kaya ɗamewa ko kaɗan, domin sako-sakon da ya sa buhunka ya zame ba a ƙullin yake ba, a tsawon igiyar yake. Ka kulle ƙofa da kwaɗo biyar ne alhali bango a buɗe.

Kafin ƙulli, sai ka san igiyar kanta. Ka samu guntun igiyar rama ka murɗa ta baya-baya, za ta buɗe ka ga sili uku, wata biyu. Ka warware sili ɗaya, za ka tarar da ƙananan zaruruwa a ciki. Ka lura da kyau: in an murza zaren ta dama, silin ta hagu aka murza shi, sannan aka haɗa silin zuwa igiya ta dama. Kowane mataki yana son ya warware, amma warwarar wannan ita ce ƙara matse wancan. Asirin tufka ke nan gaba ɗaya. Mahaifina kan zauna a zaure ya maƙale bakin igiyar da babban yatsan ƙafa, ya tofa ɗan yawu a tafi, ya murza sili biyu lokaci guda tsakanin tafukansa, ya sake su su naɗe juna da kansu. Rama ta kusa ƙarewa a sili ɗaya, sai ya soka sabuwa ya ci gaba, bai taɓa bari mahaɗa biyu su faɗo wuri ɗaya ba. Ba ya ko kallon hannunsa, hira yake yi. A da can ma makafi sun yi suna a wannan sana'a a Kano, wanda ya isa ya nuna maka cewa hannu ne ke koyon igiya, ba ido ba. Shi ya sa bidiyo ɗari ba za su yi maka abin da guntun igiya a aljihu zai yi ba.

Wannan murɗi yana da amfani a aikinka na kullum. Yawancin igiyar kasuwa mai sili uku tufkar dama ce, don haka in za ka naɗe ta, ka bi yadda hannun agogo ke juyawa. In ka naɗe ta akasin haka, ko ka nannaɗe ta a gwiwar hannu kamar yadda yaran mota ke yi, sai ta yi ta cukuikuyewa tana ƙudundunewa, ka ɗora wa mai sayarwa laifi.

Sai sunaye. Abin da ya rikita ka a bidiyon nan yaren ma'aikatan jirgin ruwa ne na Ingila, su suka raɗa wa yawancin ƙulle-ƙullen sunayen da ke yawo a intanet. Akwai littafin da aka buga a Amurka a 1944 da ya tattara ƙulle-ƙulle sama da 3,800. Kai biyar ko shida sun ishe ka har ka tsufa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne sassan igiya, don in ana yi maka bayani ka san inda ake nufi. Bakin igiya shi ne gefen da ke hannunka, wanda kake sarrafawa. Uwar igiya ita ce doguwar da ta tafi wajen nauyi, ba ta motsi. In ka lanƙwasa igiya ba tare da ta haye kanta ba, lanƙwasa ke nan. In ta haye kanta ta yi zobe, mu hanci muke cewa. Ɗan abin da ya rage bayan ƙulli kuma wutsiya. Aikin ƙulli shi ma iri uku ne: wanda ake yi a jikin igiya ita kaɗai, wanda ke haɗa igiya biyu, da wanda ke kama igiya da wani abu, turke ko ƙarfe ko ƙugiya. Duk ƙullin da ka gani, ka fara tambayar kanka cikin ukun nan wanne yake yi.

Namu kalmomin ma ba su da kasawa, sai dai sun tsere daga hannu sun koma baki. Kowa na cewa an yi wa wane ɗaurin talala, amma yara kaɗan ne suka san talala doguwar igiya ce da ake sakar wa dabba ta yi kiwo tana zaton a sake take. Dabaibayi na ƙafafun jaki ne ko doki, akala ta raƙumi, ragama ta doki, tsarkiya ta baka. Zarge kuwa shi ne hancin da ke zuƙewa in an ja, kuma a kansa zan daɗe, saboda ragunanka.

Na tabbata da zarge kake turke su, ko da ba ka san ka yi ba. In ka zagaya igiya a wuyan rago ka ƙulla bakinta a jikin uwar igiya da ƙullin nan na kowa, ka yi zarge. Da rana kana gida ba abin da zai faru. Da dare ne kare zai gifta, ragon ya zabura, hancin ya zuƙe, shi kuma dabba in ya ji shaƙa ba baya yake dawowa ba, gaba yake ƙara ja. Na ga wannan da idona a unguwarmu ana saura kwana uku babbar salla: rago ya tsallake 'yar katangar da ke kusa da turkensa, igiyar ba ta kai shi ƙasa ba, aka wayi gari ya yi mushe. Wata shida ana ba shi dusa da harawa.

Maganin wannan shi ne hancin da ba ya zuƙewa, wanda masu jirgin ruwa ke kira bolin. In ƙulli ɗaya kaɗai za ka koya daga wannan amsa, to shi ne. Ka riƙe uwar igiya a hannun hagu tana miƙe gaba. Ka yi ɗan ƙaramin hanci a jikinta, ɓangaren da ya nufi baki ya kasance a sama. Wannan ɗan hancin shi ne ƙofa. Yanzu ka zagayo da bakin igiyar ta wuyan ragon, ka soko shi cikin ƙofar ta ƙasa ya ɓullo sama, ka zaga da shi ta bayan uwar igiya, ka mayar da shi ta ƙofar da ya fito. Ka kama bakin tare da gefen babban hancin a hannu ɗaya, uwar igiya a ɗayan, ka ja. In ka yi daidai za ka ga lanƙwasa ta rungume uwar igiya kamar wuyan riga. Ka bar sarari tsakanin igiya da wuyan ragon da yatsu uku za su shiga, ba wanda kai zai zare ba. Ko sa ne ya ja, faɗin hancin nan ba zai canza ba. Kwancewa kuma ga daɗi: ka tura wuyan rigar nan baya da babban yatsa, kamar kana karya masa ƙugu, sai ƙullin ya saki duka.

Inda masu koyo ke faɗuwa wuri biyu ne. Na farko juyin ƙofar: in ɓangaren baki ya koma ƙasa, ka ja sai komai ya watse a hannunka, ko ya zama zarge, abin da kake gudu. Na biyu gajeriyar wutsiya. Ka bar aƙalla ninki goma na kaurin igiyar. Ga igiya mai kaurin milimita 10, kamar faɗin tafin hannunka ke nan ko fiye. Bolin yana da aibi guda da ya kamata ka sani: nauyi ne ke riƙe shi. In igiya tana sako-sako ana girgiza ta, musamman sabuwar igiyar leda mai santsi da taurin kai, yana iya sassautawa. Saboda haka ka ƙara wa wutsiyar ƙulli ɗaya na kowa a jikin hancin. Kuma ka dubi wurin turken: kada a samu katanga, rami ko matakala a iya inda igiyar ke kaiwa.

Ɗaya gefen, wato wajen turke, ka zagaya igiyar sau biyu cikakku a jikin iccen, sannan ka yi rabin ƙulli biyu a jikin uwar igiya, duka ta fuska ɗaya. Rabin ƙulli shi ne ka zaga bakin igiya a jikin uwar igiya, ka soka shi cikin hancin da zagayen ya yi. Zagayen nan biyu su ke ɗauke da nauyin, rabin ƙullin gadi kawai suke yi, shi ya sa za ka iya kwance shi ko rago na ja. Da shi za ka ɗaure igiyar shanya, da shi za ka kama ƙarfen gefen mota. Akwai wani da za ka gani da yawa a bidiyo, hanci biyu da ake ɗora wa juna a zura a kan turke. Yana da sauri, yana da kyau wajen kafa rumfar biki, amma in abin da ke ja yana zagaye turken sai ya murɗe ya zame. Ban yarda da shi a kan dabba ba.

Yanzu ga buhunka da ya faɗi. Abin da ka rasa shi ne hanyar ɗame igiya fiye da ƙarfin damtsenka, kuma 'yan lodi suna da ita. Ka kama baki ɗaya a ƙugiyar wancan gefen motar, ka jefo igiyar ta kan kaya. A gefenka, kamar kamu biyu sama da ƙugiya, ka murɗa ɗan hanci a jikin igiyar, ka jawo lanƙwasa ta cikinsa. A nan ne hankali: lanƙwasar daga ɓangaren ƙasa za ka jawo ta, wanda ya nufi ƙugiya. In ka jawo daga na sama, da ka fara ja hancin zai zuƙe ya cije igiyar. To ka samu zobe a rataye. Ka sauke bakin igiyar ka saƙala a ƙugiya, ka hau da shi ka zura cikin zoben, ka jawo ƙasa da nauyin jikinka. Za ka ji buhunan suna ƙara suna zama. Kafin ka saki, ka danne wurin da igiya ta ratsa zoben da yatsu biyu, ka kulle da rabin ƙulli biyu a ƙarƙashinsa. In an isa Singa, ka kwance rabin ƙullin, ka zare bakin, ka fizgi igiyar, zoben ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Dalilin da ya sa yake aiki shi ne igiya uku ke ja a wuri ɗaya: wadda ta sauka zuwa ƙugiya, wadda ta hau, da wadda ke hannunka. A lissafin takarda ƙarfinka ya ninka sau uku. A zahiri gogayyar igiya da igiya na cinye kaso mai yawa, amma abin da ya rage ya isa ya lotsa kwali ko ya fasa jarka, don haka ka san kayan da kake dannewa. Gogayyar nan kuma tana cin zoben. Igiyar leda ma har narkewa take yi in ka ja da gaggawa, za ka ga wurin ya yi ƙyalli ya yi tauri. Kada ka riƙa yin zoben a wuri ɗaya kullum.

Wasu abubuwan ba na ƙulli ba ne, amma su ke zubar da kaya. Buhu sarƙa shi ake yi kamar bulo, na sama ya haye mahaɗar na ƙasa biyu. Inda igiya ta bi ta kan kaifin ƙarfe, ka sa tsumma ko guntun taya. Kuma hatsi yana zama: abin da ka ɗame a cikin kasuwa, kafin ka hau titin Katsina sosai ya yi sako-sako saboda girgiza. Ka tsaya bayan 'yar tafiya ka sake ja. Tsofaffin direbobi ba sa tsallake wannan. In kana son ganin ɗauri na gaske, ka je Mariri ka tsaya wajen masu ɗaure huhun goro. Ka lura ba su dogara da ƙulli ɗaya ba. Kowace igiya ta ratsa 'yar'uwarta ta riƙe ta, har abin ya zama raga. Ba banza ba Bahaushe ke cewa an yi wa mutum ɗaurin goro.

Haɗa igiya biyu kuma, a nan ne aka fi yin ganganci. Akwai ƙullin da ake yi dama kan hagu, hagu kan dama, ya kwanta lafiya lau, wutsiyoyinsa a jere da jikin igiya. Yana da kyau ga ƙunshin kaya, dami, ko bandeji, wato inda ƙullin ke kwance a jikin abin da ya ɗaure. Kyan ganinsa ne ke yaudarar mutane su haɗa igiyar guga da shi. Gwada da kanka: ka ɗaura shi, ka kama wutsiya ɗaya ka fizge ta baya. Zai kife, igiya ɗaya ta miƙe, ɗayar ta zare a kanta salin-alin. Haka guga ke tafiya ƙasan rijiya a shiga neman ƙugiya gida-gida. In kuwa ka yi dama kan hagu sau biyu, ka samu gurguwar 'yar'uwarsa, wadda ko ta zame ko ta cije.

Na haɗi shi ne ƙullin masaƙa, wanda suke ƙulla zare da shi in ya tsinke. Ka lanƙwasa bakin igiyar da ta fi kauri. Siririyar ta shigo cikin lanƙwasar ta ƙasa, ta zaga bayan ƙafafunta biyu, sannan ta bi ta ƙarƙashin kanta, ba ta koma cikin lanƙwasar ba. Wutsiyoyin biyu su fito gefe ɗaya. In igiyar leda ce ko kaurinsu ya bambanta sosai, ka zaga sau biyu. In ka ƙura masa ido za ka ga shi da bolin uwa ɗaya uba ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ya kusa iya ɗayan.

Akwai ƙullin takwas, wanda ake yi a bakin igiya don kada ta zare daga huda, kamar hudar tamfol. Ka yi hanci, ka zaga bayan uwar igiya, ka soka bakin cikin hancin. Siffarsa 8 sak. Ya fi ƙullin kowa girma kuma ba ya cijewa kamarsa. Minti biyu ya ishe ka.

Maganar wace igiya za ka saya. A Kurmi har yanzu za ka samu ta rama da ta kaba, kuma ita na fi so wa mai koyo, don tana da kaushi, ƙulli na zama a jikinta. Aibinta ruwa: tana kumbura, ƙulli ya cije, in ka ajiye ta a jiƙe ta ruɓe daga ciki. Mai launin shuɗi ko ruwan ɗorawa da ta cika Sabon Gari, wadda kowa ke kira nailan, yawancinta ba nailan ba ce, wata roba ce daban. Ka jefa guntunta a bokitin ruwa: in ta taso, ledar ce, nailan na gaske nutsewa yake yi. Ledar ba ta shan ruwa, ga araha, amma rana ce ajalinta, kuma ka san ranar Kano a watan Afrilu. In ka ga launinta ya koɗe, ka murza ta gari na zuba, ta gama aiki ko da ba ta tsinke ba. A mayar da ita shanya. Nailan na gaske, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai yana miƙewa kamar danƙo. In ya tsinke ana jan mota da shi, dawowa yake yi da ƙarfin da zai iya fasa gilashi ko ido. Kada ka tsaya a saitin igiyar da ke ɗame, kada kuma ka naɗe igiya a tafin hannunka in dabba ko mota ce a ɗaya gefen.

Ka sani kuma kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi, saboda a lanƙwasa mai tsanani zaruruwan waje ne kaɗai ke ɗaukar nauyi. Wani ƙullin yakan ci kusan rabi, shi ya sa igiya ta fi tsinkewa dab da ƙulli. Ƙa'idar masu aikin ɗaga kaya ita ce kada a ɗora wa igiya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da zai tsinka ta. Igiyar kasuwa kuwa ba wanda ya rubuta maka ƙarfinta a jiki. Don haka duk abin da na faɗa a nan na kaya ne da dabba. Saukar da mutum rijiya ko hawa bene da igiya wani ilimi ne daban, da igiyarsa daban, ba a koyonsa daga waya.

Duk igiyar da ka yanka, ka gyara bakinta a take, in ba haka ba kafin mako ta zama tsintsiya. Ta leda ka kara mata ashana ta narke, ka murza da tsumma, ba da yatsa ba. Ta rama ka naɗe bakin da zare mai ƙarfi, tsawon naɗin kamar kaurin igiyar ko ya ɗan fi.

Yadda za ka koya: ka yanki igiya biyu masu launi daban-daban, kowace kamar mita ɗaya da rabi, mai kaurin ɗan yatsa. Launi biyun zai nuna maka wace ta bi ta ina. Ka ɗauki bolin shi kaɗai mako guda, kana jiran lodi kana ɗaurawa kana kwancewa, a ƙafar benci, a sitiyari, a cinyarka. In ya zauna, ka juya: ka ɗaura shi uwar igiya na fuskantarka, domin rago ba zai tsaya maka yadda mai bidiyo ya ajiye tasa igiyar a tebur ba. Sannan ka yi shi ido rufe. Mako na biyu ka koma ɗaurin 'yan lodi, ka fara da buhu biyu a tsakar gida kafin ka kai shi titi. Amma na wuyan ragunan kada ka jira mako. Ka leƙa su yau kafin magariba, ka ja igiyar ka gani ko tana zuƙewa.